Tilasta yin zaɓe: Abin da Ostireliya ta tanada kafin ta fara cin tarar waɗanda ba su fito ba

A watan Mayun 2025 wani ƙuduri ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilan Najeriya, wanda ya nemi a wajabta wa duk ɗan ƙasar da ya kai shekara 18 kaɗa ƙuri'a. Hukuncin da aka tanadar wa wanda ya ƙi shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida.

Shugaban majalisar, Tajudeen Abbas, yana cikin waɗanda suka gabatar da ƙudurin. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ƙungiyoyin farar hula irin su SERAP suka yi masa ca, kuma kafin watan ya ƙare ya janye shi.

An janye ƙudurin, amma matsalar da ta haifar da shi tana nan. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a kuwa ba su kai miliyan 25 ba, wato kimanin kashi 27 cikin 100. A 2003 adadin ya kai kashi 69. Shugaba Bola Tinubu ya hau mulki da ƙuri'a ƙasa da miliyan tara, a ƙasar da ke da al'umma sama da miliyan 200.

Duk lokacin da aka ɗauko wannan muhawara, Ostireliya ce ƙasar da aka fi kafa hujja da ita. Sai dai yawanci ana ambaton tarar ne kawai, a bar sauran labarin.

Tarar dala 20

A zaɓen tarayya na 1922, ƙasa da kashi 60 cikin 100 na masu rajista ne suka fito a Ostireliya. Wannan ya tayar da hankalin 'yan siyasa, har wani sanata daga jihar Tasmaniya, Herbert Payne, ya kawo ƙudurin wajabta zaɓe a 1924, majalisa kuma ta amince ba tare da doguwar jayayya ba. A zaɓen 1925 adadin ya haura kashi 90, kuma tun daga nan yake kai-komo a wannan mataki.

Wanda bai yi zaɓe ba yakan samu wasiƙa daga hukumar zaɓen ƙasar, AEC, tana tambayar dalili. Idan rashin lafiya ne, ko wata lalura, ko aƙidar addini da ta hana shi, ana karɓar uzurinsa. Idan ba shi da hujja, sai ya biya dalar Ostireliya 20. Wanda ya yi biris da wasiƙar ne maganarsa kan kai kotu.

Wannan kuɗi bai kai ladan aikin awa ɗaya ba ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi a ƙasar. Tarar da aka so sanyawa a Najeriya kuwa ta zarce albashin wata guda cur, tun da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne.

Kuma ba a leƙa wa kowa takardarsa. Mutum zai iya karɓa, ya jefa ta a akwati ba tare da ya rubuta komai ba. Kusan kashi biyar cikin 100 na ƙuri'un majalisar wakilai kan lalace, wasu bisa kuskure, wasu da gangan.

Akwatin ne ke bin mutum

Nauyin da dokar ta ɗora wa gwamnati ya fi wanda ta ɗora wa talaka. Ranar Asabar ake zaɓe, kuma ba a hana zirga-zirga. Wanda aiki ko tafiya za su hana shi fita ranar yana iya zuwa cibiyoyin da ake buɗewa kusan mako biyu kafin lokaci, ko ya aika ƙuri'arsa ta gidan waya. A zaɓukan baya-bayan nan kusan rabin masu zaɓe sun gama nasu tun kafin ranar ta zo.

Ba a ɗaure mutum a rumfa ɗaya ba. Duk rumfar da ya samu a cikin jiharsa zai iya shiga, idan kuma yana wata jihar akwai cibiyoyin matafiya. Waɗanda ke ƙetare suna da damar zaɓe a ofisoshin jakadanci. A zaɓen tarayya ba a neman wani kati: ma'aikaci zai tambayi sunanka da adireshinka, da kuma ko ka riga ka yi zaɓe a wani wuri.

Ayarin ma'aikata kan ɗauki akwatuna su kai gidajen kula da tsofaffi da gidajen yari, su kuma ratsa ƙauyukan da ke can cikin sahara da tsibirai a mota, da kwale-kwale, da jirgi mai saukar ungulu. Makafi na iya zaɓe ta wayar tarho. Haka ma masu binciken kimiyya da ke zaune a yankin Antaktika mai ƙanƙara.

A harabar makarantun da ake zaɓe, iyayen yara kan kafa tukubar gasa tsiren alade da na shanu a saka cikin burodi, suna sayarwa don tara wa makaranta kuɗi. Abin ya zama al'ada har jama'a na duba intanet su ga rumfar da ke da tukuba kafin su fita.

Duk da haka tsarin bai game kowa ba. 'Yan asalin ƙasar, Aborijin, ba su samu cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1962, kuma sai 1984 aka wajabta masu rajista kamar sauran jama'a. A mazaɓar Lingiari, inda suke da yawa, kusan kashi biyu cikin uku ne kacal suka fito a 2022. Doka ɗaya ce, tara ɗaya ce, amma inda hanya ta yi nisa kuma aka yanke ƙauna daga gwamnati, adadin ya faɗi.

Chile ta gwada ɓangarorin biyu. Ta soke tilas a 2012, fitowar jama'a ta koma ƙasa da rabi a yawancin zaɓuka, sannan da aka wajabta ƙuri'ar raba gardama ta 2022 sama da kashi 80 suka fito. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun masu goyon baya, waɗanda ke cewa idan kowa zai fito, ɗan takara ba zai iya dogaro da 'yan tsirarun da ya saya ba. Masu adawa kuma na cewa ƙin zaɓe ma magana ce, kuma cika layi da mutanen da aka koro daga gida ba ya nufin sun yarda da waɗanda ke kan takardar.

Wa za a ci tara?

A ɗauki ɗan kasuwar da ya yi rajista a Sakkwato amma yake neman abinci a Legas. Idan bai nemi a sauya masa rumfa ba kafin a rufe rajista, dole ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin ranar zaɓe, domin ranar ana rufe hanyoyi. A 2023 ma tafiyar ta zo daidai da ƙarancin takardun naira da wahalar man fetur.

Ma'aikatan wucin-gadi na INEC, waɗanda yawancinsu masu yi wa ƙasa hidima ne, da 'yan sanda da sojoji da 'yan jarida da masu sa ido, akasarinsu ba su yi zaɓe a 2023 ba, saboda suna bakin aiki nesa da rumfunansu kuma babu tsarin zaɓen wuri. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare ma haka. Fursunoni sun samu hukuncin babbar kotun tarayya a Benin tun 2014 cewa suna da 'yancin zaɓe, amma akwatin bai shiga gidan yari ba.

An ɗan taɓuka wani abu. A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna daga kusan 120,000 zuwa 176,846, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta tanadi kayan taimako ga masu buƙata ta musamman, kamar rubutun makafi. Amma rumfar da aka kusanto ba ta da amfani idan kayan zaɓe ba su iso ba sai bayan azahar, ko idan mutanen garin suna gudun hijira a wata ƙaramar hukuma saboda 'yan bindiga.

A lissafin 2023, mutum kusan miliyan 68 ne masu rajista da ba su kaɗa ƙuri'a ba. Da ƙudurin ya zama doka, su ne kotunan majistare za su fara nema.