Lissafin Lokacin Ma'aikata: Manhajar Kwamfuta ko ta Intanet?

Lokacin da na yi SIWES a wani kamfanin casar shinkafa a yankin Bunkure, wani lebura ya rasa kuɗin kwana uku a ƙarshen wata. Ya zo aiki, kowa ya gan shi, amma ruwan sama ya jiƙa littafin sa hannu, shafin ya goge. Nan maigidan ya juyo gare mu: “Ku 'yan kwamfuta, wace manhaja zan sa?” 'Yan uwa ɗalibai, wanda duk zai gama bana ya shirya, za a yi masa irin wannan tambayar.

Manhajojin iri biyu ne. Ta farko a kan kwamfutar ofis ake ɗora ta, a haɗa ta da na'urar dangwala yatsa irin ta ZKTeco a bakin ƙofa. Sau ɗaya za ka saya, kuma ba ruwanta da data. Matsalarta, komai yana wuri guda. In KEDCO ta ɗauke wuta babu sola ko batir, aiki ya tsaya. In kwamfutar ta lalace ba a kwafe bayanan a filashi ba, an koma gidan jiya.

Ta biyu ta intanet ce, irin su Clockify da Jibble. Ma'aikaci ko shugaban lebura zai danna a waya, bayanin ya tafi rumbun kamfanin manhajar, maigida ya gani ko yana Kano ko yana Abuja. Amma tana son sabis da data, kuma in ka wuce tsarin kyauta, yawanci da dala ake biya duk wata, gwargwadon yawan ma'aikata. Kowa ya ga yadda dala ta haura naira 1,500 a 2024.

To wacce za ka zaɓa? Ka fara duba inda ma'aikatan suke tsayawa. Kamfanin shinkafa ƙofa ɗaya gare shi, ta kwamfuta ta wadatar. Gona kuwa daban ce. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanai ya shayar da filaye a Bunkure, Kura da Garun Malam. Mai gonaki uku a wurare uku ba zai kafa na'ura a kowanne ba, waya ce mafita. Sai dai ka tabbatar manhajar tana ajiye bayani in sabis ya ɗauke, ta tura daga baya.

Abu biyu kuma na koya a can. Na ɗaya, yatsan mai aiki cikin laka yakan side, na'ura ta ƙi karanta shi, don haka a tanadi kati ko lambar sirri. Na biyu, yawancin aikin dashe da yankan shinkafa jinga ake yi, ba awa ake ƙirgawa ba. Mai jinga ba ya buƙatar agogo, rubuta aikinsa yake buƙata.

Kada kuma a manta, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. A gaya wa ma'aikaci me za a yi da nasa.

A ƙarshe mun ba maigidan shawarar ta kwamfuta, da ɗan sola, da kwafi duk Juma'a. Littafin ma ba mu jefar ba, mun dai saya masa leda.