Fadamar Lekki: Wurin Shan Iskar Iyali da Kallon Tsuntsaye a Gaɓar Teku

A gabashin birnin Legas, a kan zirin ƙasar da ya ratsa tsakanin tafkin Legas da tekun Atalantika, akwai wani daji mai faɗin hekta 78 da ake kira Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta kafa a shekarar 1990 da tallafin kamfanin mai na Chevron. A lokacin da aka keɓe wurin, yawancin yankin Lekki kurmi ne da fadama, amma a yau rukunonin gidaje da manyan kantuna sun kewaye shi, har ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage da mutum zai ga yadda gaɓar tekun Legas take kafin gine-gine su mamaye ta.

Wurin dausayin gaɓar teku ne, kuma abin da masana ke nufi da wannan shi ne ƙasa mai kwari da ke kusa da teku, wadda ruwa ke kwanciya a kanta ko dai duk shekara ko kuma a wasu watanni, ta yadda sai tsirrai masu jure jiƙa, irin su tukurwa, ke iya rayuwa a cikinta. Irin wannan ƙasa tana shanye ruwan sama kamar soso, sannan ta riƙa sakinsa a hankali, tana tace laka da dauɗa kafin su isa tafki, tana kuma zama mahaifar kifi da kwaɗi da ƙwari waɗanda tsuntsaye ke ci. Saboda haka idan aka cike fadama da yashi aka ɗora gini a kai, ruwan da ya saba kwanciya a nan ba ya ɓacewa, sai dai ya nemi hanya zuwa tituna da gidaje, kuma wannan yana cikin dalilan ambaliyar da ke addabar unguwannin Lekki a damina.

An tsara cibiyar ta yadda iyali za su zaga ba tare da sun taka laka ko sun lalata tsiro ba, domin an shimfiɗa doguwar hanyar katako a saman fadamar, wadda yara da dattawa za su iya bi a tsanake. A kan hanyar ana cin karo da birai da ake kira mona, masu farin ƙirji da doguwar wutsiya, wani lokaci kuma a hango guza ko kada a cikin ruwa. A shekarar 2015 aka buɗe gadar sama mai tsawon mita 401, wadda aka rataya tsakanin dogayen hasumiyoyi, kuma daga kanta mai ziyara yana kallon dajin ta saman rassa, inda yawancin tsuntsaye ke zama. Bayan kurmin akwai fili mai ciyawa da rumfuna, inda iyalai ke hutawa su ci abincin da suka zo da shi.

Kallon tsuntsaye yana nufin lura da su a inda suke rayuwa, tare da tantance kowane iri ta hanyar girmansa da launinsa da siffar bakinsa da kukansa, ba tare da an kama shi ko an firgita shi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin safiya, sa'ad da suke fitowa kiwo, kuma abin da ake buƙata bai wuce madubin hangen nesa da tufafi marasa ƙyalli da yin shiru ba. Zalɓe da balbela suna neman abinci a bakin ruwa, cilakowa tana bin itatuwa masu 'ya'ya, shirwa kuwa tana shawagi a sama. Daga wajen Oktoba zuwa Maris, tsuntsayen da ke guje wa sanyin Turai suna sauka a Afirka ta Yamma, wasu a gaɓar teku, wasu kuma a fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ke nuna cewa makomar dausayin Kudu da na Arewa a haɗe take. Kare irin waɗannan wurare shi ne manufar yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Najeriya ke cikinta.

Ziyarar tana da ladubbanta, waɗanda suka haɗa da kada a ba birai abinci, domin hakan yana koya musu ƙwace da cizo, kada a yar da leda ko gorar roba, kada kuma a sauka daga kan hanyar da aka shimfiɗa. Ya kamata iyaye da malaman makaranta, har da ɗimbin Hausawan da ke zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende, su riƙa kai yara wannan wuri suna yi musu bayanin aikin da fadama take yi wa birni, domin yaron da ya san amfaninta tun yana ƙarami ba zai yarda a cike ta da yashi ba idan ya girma.