Sida: Wutar da Ke Ci a Ɓoye Tun Makonnin Farko

Daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, za ka ji ana cewa ƙwayar cutar sida barci take yi a jiki shekara da shekaru, sai mutum ya rame sannan ta farka. Wannan magana tana sa mutane jinkirta gwaji da shan magani. Bari mu bambance aya da tsakuwa.

"Cutar ba ta ɓarna sai an kwanta ciwo." Ƙarya ce. Tun makonnin farko ƙwayar ke afka wa sojojin garkuwar jiki da ake kira CD4, musamman waɗanda ke tsaron hanji. Idan katangar hanji ta yi rauni, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta na cikinsa sai su tsallaka cikin jini. Garkuwar jiki ta tashi faɗa, ba hutu dare da rana. Wannan faɗan da ba ya ƙarewa shi ne kumburin cikin jiki da likitoci ke magana a kai. Ido ba ya ganinsa, amma yana gajiyar da garkuwar, yana kuma taɓa jijiyoyin jini, zuciya da ƙoda.

"Farkon cutar yana kama da masassarar cizon sauro." Gaskiya ce. Mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wasu kan yi masassara, ciwon makogwaro, ƙuraje da kaluluwa, sannan abin ya wuce. A yankin Maraɗi, inda masassara ke yawa da damina, da sauƙi a ɗauke shi zazzaɓin da aka saba. A waɗannan makonnin farko ne kuma ƙwayar ta fi yawa a jini. Gwajin gaggawa kan iya kasa gano ta da wuri, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata uku.

"Maganin kumburi na kasuwa ko jiƙon gargajiya zai kashe wutar." Ƙarya ce. Ƙwayoyin masu talla suna sauƙaƙa zafin jiki, amma ba sa hana ƙwayar cutar hayayyafa. Abin da ke rage kumburin sosai shi ne maganin rage kaifin sida, a sha kullum ba fashi.

"Mai ƙarfi a jiki ya jira tukuna." Ƙarya ce. A 2015, binciken Temprano da aka yi a Abijan da binciken START na ƙasashe da dama sun nuna cewa fara magani da wuri yana rage munanan cututtuka, har da tarin fuka. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk wanda aka gano yana ɗauke da ƙwayar magani nan take.

A Nijar maganin kyauta ne. Ɗan'uwa da ka dawo daga ci-rani, 'yar'uwa mai juna biyu da ke zuwa awo, ku nemi gwaji a asibiti mafi kusa. Kada ku jira rama ta faɗa muku abin da jini zai faɗa tun yau.