Yadda sababbin masu haɗa manhaja za su tsara ƙananan ayyukansu

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023, da burin horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannin fasahar zamani, ana samun matasa a Abuja da ke haɗa kai, mutum uku ko huɗu, suna karɓar ƙananan ayyukan manhaja, kamar ta biyan kuɗin makaranta ko ta lissafin kayan kanti.

Sai dai iya rubuta umarnin kwamfuta kaɗai ba ya kai aiki ga nasara. Babban abin da ke kayar da sababbin hannu shi ne su shafe watanni suna aiki shiru, daga baya su kawo wa mai aikin abin da bai nema ba, kuɗi sun ƙare, amana ta zube.

Tsarin Agile, wanda masana 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a Amurka a 2001, ya zo ne domin magance hakan. Ana rubuta buƙatun mai aikin, a jera su bisa muhimmanci, sannan a raba aikin zango-zango, galibi na mako biyu. A ƙarshen kowane zango a nuna masa ɓangaren da ya fara aiki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka kuma, ya kamata tawagar ta riƙa ganawar minti 15 kullum, ta adana kowane sauyi a manhajar Git, kuma kada a shigar da aikin kowa sai wani ya duba shi. Ta haka wanda bai ƙware ba ke koyo a bakin aiki.