Tunawa Da Alhassan Ɗantata, Marayan Bebeji

Da wuya a sami Bahaushe mai cinikin goro a Sabon Ibadan ko Shagamu ko Agege wanda bai taɓa jin sunan marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ba. To, amma galibi labarin dukiyarsa ake yi, ba a cika faɗin irin rabuwa da iyaye da ya sha tun yana ƙarami ba.

An haife shi a 1877 a Bebeji, wani ƙaramin gari kudu da Kano wanda ayarin fatake ke yada zango a cikinsa. Mahaifinsa Abdullahi falke ne daga cikin Agalawa. Alhassan na da wajen shekara takwas Allah ya yi wa uban rasuwa. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka sami Ɗantata.

Yaron ya yi almajirci, yana ɗan saye da sayarwa don ya ci da kansa. Da ya tasa sai ya bi ayarin Gwanja ya je ya ga uwarsa, amma zaman bai daɗe ba ya komo Bebeji. Yana nan Basasar Kano ta 1893 ta ɓarke, aka kama shi, sai daga baya ya fanshi kansa.

Duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi neman abinci zai gane abin da ya yi bayan wannan. Ya koma Gwanja, ya lura cewa ayari kan yi wata da watanni a hanya, jakuna na mutuwa, goro na lalacewa. Saboda haka ya shiga loda goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko, yana kuma haɗawa da duwatsun ado da tufafin Turawa. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912 sai ya koma can ya kafa gida. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi yana saya masa gyaɗa. Sauran labarin sananne ne, har da raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929.

Abin lura shi ne yadda ya riƙe gidansa. Bai sangarta 'ya'yansa ba, tun suna samari ya sa su cikin aiki, irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955 ya tara su ya yi musu wasiyya. Ya ce su zauna tare, kada su bari kamfanin ya wargaje, su riƙa aure a cikin dangi, su kuma kula da 'yan'uwa marasa ƙarfi. Mutumin da aka raba da uwarsa yana ɗan shekara takwas ya san abin da yake gudu.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Alhaji Aminu, wanda ya daɗe yana riƙe da kamfanin, ya rasu a watan Yuni na 2025, aka yi jana'izarsa a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.