Abin da Mai Odar Kwantena Ya Kamata Ya Sani Game da Dokar Teku

Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatun ƙasar nan suka riƙa gangarawa Ikko suna hawa jirgin ruwa. A wancan zamani takardu na hannun kamfanonin Turawa, namu kai kaya sikeli kawai. Yau kuwa 'ya'yan Shinkafi da Zurmi ne ke odar kaya daga Sin da Dubai, wasu suna tashar jirgin ruwa ta Apapa suna koyon aikin fito da kwantena. Akasarinsu da tunanin fataucin mota suke shiga harkar, inda idan direba ya ɓata kaya sai a zauna da shugabannin tasha a sasanta. A teku takarda kaɗai ke magana.

Babbar takardar ita ce ta lodi, wadda 'yan tasha ke kira bil of ladin. Ita ce rasidin da ke nuna jirgi ya karɓi kaya, ita ce shaidar yarjejeniyarka da kamfanin jirgin, kuma wanda ke riƙe da ta asali shi ake miƙa wa kaya. Don haka kada ka damƙa ta ga ejan ɗin da a waya kawai ka san shi.

Karanta abin da aka rubuta a cikinta da idon basira. Idan kaya suka lalace, ba lallai ne kamfanin jirgi ya biya ka cikakken kuɗinsu ba. Doka ta sa wa diyya iyaka, ana lissafinta da yawan ƙunshi ko da nauyi, a ɗauki wanda ya fi tsoka. Ƙa'idojin Hambag, waɗanda Nijeriya ta mayar dokarta a 2005, sun ce idan takarda ta rubuta "kwantena ɗaya" ta yi shiru, to ƙunshi ɗaya ne a wurin alƙali. Idan kuwa ta ce kwantena mai katan 600, ƙunshi 600 za a ƙirga. Layi guda da akawu ya yi ƙyuyar cikewa a wata tashar Sin yana iya cinye jarin mutum.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ɓarnar da ido ke gani, a sanar da kamfani a rubuce kafin ranar aiki ta gaba ta wuce. Wadda ta ɓuya a cikin katan, kwana 15 ne. Wa'adin kai ƙara shekara 2, amma takardu da yawa suna jingina da tsofaffin Ƙa'idojin Heg masu ba da shekara 1 tak, saboda haka mai hankali ba ya bari shekara ta zagayo. Shari'ar kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce, kamar yadda wata doka ta 1991 ta tanada.

Abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai shi ne asarar tarayya. Idan jirgi ya shiga hatsari aka kashe kuɗi ko aka zubar da wasu kaya don a tsirar da sauran, duk mai kaya a ciki sai ya biya rabonsa, ko da nasa ko ƙwarzane bai yi ba. Haka aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a Maris ɗin 2021. Masu inshora, kamfanoninsu suka tsaya musu. Marasa ita sai da suka ajiye tsabar kuɗi kafin a sakar musu kaya. A ganina, wanda ke kallon kuɗin inshora a matsayin asara bai shirya wa wannan sana'a ba.

Sai kuɗin jinkiri, damarej, wanda ke hauhawa kullum da zarar kwanakin rangwame sun ƙare. Tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala a Kano, da aka buɗe a 2018 da 2023, sun rage wa 'yan Arewa nisa, amma ka tabbatar tun daga wurin lodi an rubuta can ne zangon kayanka na ƙarshe.

Idan kamfanin jirgi ko masu tasha suka ɗora maka cajin da ba ka gane kansa ba, akwai Hukumar Kare Masu Shigo da Kaya da Fitarwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, tana karɓar koke. Ka je mata da rasidai da kwafin takardar lodinka.