Gona Taka, Ɗorawa Ta Wani

Takardar mallakar fili da ake bayarwa a Jigawa tsawo da faɗi kawai take aunawa, ta nuna duwatsun iyaka. Ba ta faɗin inda haƙƙin mutum ya tsaya ta sama ko ta ƙasa, alhali nan ne rigima ke yawan tasowa.

Mu faro daga ƙarƙashi. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya bar ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Mai gona a gindin duwatsun Birnin Kudu yana iya riƙe da takardarsa, wani ya iso daga Abuja da lasisin fasa dutse, sai a zauna batun diyya. Doron ƙasar kuwa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa shi amana ga gwamna, ƙananan hukumomi na ba da izini a karkara.

Sai abin da ke sama, wanda kakanninmu suka daɗe da sani. A ƙauyukan Gwaram magada kan sayar da gona su ce ban da ɗorawar tsakiya. Sabon mai gona ya shuka dawarsa har gindinta, amma in ta nuna, matan gidan farko ke zuwa ɗiban kalwa. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, sai dai a ka suka riƙe. Ranar da shaidun suka kwanta dama, sai gaban alƙali. Haka benen gado a bakin titi: wa ya ɗauki shagunan ƙasa, ƙane ya ɗauki sama, takarda ɗaya tal.

Wasu ƙasashe sun nemo wa irin wannan matsala mafita. Jihar New South Wales ta Ostareliya ta yi doka a 1961, kowane sashe na bene da takardarsa, matakala da rufi na kowa. Suwidin ta halatta yanka wa dukiya iyaka ta sama da ta ƙasa a 2004. Holan ba ta jira sabuwar doka ba. A 2016 ta yi rajistar tashar jirgin ƙasa ta Delft, layin dogo a ƙarƙashi, ofisoshin hukumar gari a sama, ta haɗa takardar da zane mai nuna hawa-hawa da mai kowanne.

A ganina hanyar Holan ta fi dacewa da mu. Jami'an filaye a Dutse su ƙara gurbi a rajista, a rubuta mai bishiya da mai hawan sama tun dattawan da suka shaida suna raye.